Dawwamar bayanai

dawwamar bayanai *suna, mace.* A ilimin kwamfuta, wanzuwar bayani a rumbun ajiya bayan an rufe manhajar da ta karɓe shi, ko bayan an ɗauke wuta. Abin da ya tsaya a ƙwaƙwalwar wucin gadi kaɗai ba ya da wannan sifa.

A da, a manyan manhajojin ma'aikatu da aka rubuta da Java, ko dai mai shirya manhaja ya rubuta umarnin SQL da hannunsa, ko ya bar wa uwar garke ta haɗa kowane abu da teburinsa a rumbun ajiya. Manhajar Hibernate ta fito a 2001, ƙa'idar JPA kuma a 2006, suka rage wannan wahala sosai. Sharaɗin da ba a sassauta shi: aiki ya shiga gaba ɗaya ko a soke shi gaba ɗaya. Kada kuɗin rajistar ɗalibi ya fita alhali sunansa bai hau ba.

Rumbu ɗaya ba ya wadatarwa, dole a ajiye kwafi a wani gini, domin gini na iya ƙonewa. Ɗakin karatun Jami'ar Jos da ke Naraguta ya ƙone a Oktoban 2016.

*Misali:* "Malam, sakamakonmu na nan kuwa?" "Yana nan, an tabbatar da dawwamarsa tun jiya."