Rashin Haihuwa: Yadda Kakanninmu Suka Yi Da Yadda Muke Yi



Tun bayan da Sarkin Fika ya dawo da fadarsa Potiskum a 1924 garin ya riƙa bunƙasa, iyayenmu suka yi ta zuwa fatauci daga Kano da Katsina, suka zauna cikin Ngizimawa da Karekare da Bolawa. Baƙo kuwa ba shi da dangi sai 'ya'yansa. Shi ya sa gidan da shekaru suka wuce ba a ji kukan jariri ba, abin yakan zame wa matar gidan ciwo biyu. Ita ake kira juya, ita ake kai wa rubutu da saiwoyi, ita ake yi wa kishiya. Maigida kuwa ba mai tambayarsa.

Amma fa kakanninmu ba su bar irin wannan mace hannu rabbana ba. Suna da riƙo: da an yaye yaro sai a miƙa wa gwaggo ko inna, ta raine shi har aure, ba tare da an sauya sunan ubansa ba, kamar yadda shari'a ta ce. Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, wadda aka buga tarihinta a 1954, aure huɗu ta yi ba ta haihu ba, amma 'ya'yan riƙo suka cika mata ɗaki. Wanda ya samu bayan dogon jira kuwa sai ya sa masa Kyauta.

Zamani ya zo da nasa. A 1978 aka haifi jaririya ta farko a Ingila ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti, a 1998 aka samu irin haka a Abuja. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan matsala. Likitoci kuma sun tabbatar sau da yawa daga namiji take, kuma ciwon sanyi da ba a magance ba yana toshe hanya ga mace da namiji.

To jama'a, riƙo ya ja baya, gori kuwa yana nan. Annabi Zakariyya (AS) sai da ya tsufa ya samu Yahaya. Kafin mu saki 'yar mutane, mu je a auna mu tare da ita. Allah Ya ba marasa shi masu albarka, amin.