Wayar da Ke Sallama Kafin Ta Tambayi Inda Kake

Yau kan ɗan saƙon nan za mu tsaya, wanda ke faɗowa a fuskar waya idan ka buɗe sabuwar manhaja: ka yarda in san inda kake? Yawancinmu dannawa muke mu wuce. To, wannan tambayar tana da tarihi, kuma ba don kunya masu manhaja suka fara yin ta ba.

Ita GPS, fasahar da ke gane wuri ta tauraron ɗan'adam, ta sojan Amurka ce. Da gangan suke dagula wa farar hula lissafinta, har sai watan Mayu na 2000 da Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Da ta shiga wayoyi, sai aka samu hanya biyu. iPhone takan tambaye ka. Android kuwa, wadda ita ce a hannun mafi yawan mutanenmu daga Gusau har Tsafe da Bungudu, jerin buƙatu take nuna maka lokacin saukar da manhaja: ko ka karɓa duka, ko ka haƙura da manhajar. Kamar baƙon da zai ce ba zai zauna a zaure ba sai an ba shi makullin ɗaki.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. A 2013 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kama wata manhajar tocila, Brightest Flashlight, tana miƙa wa 'yan talla bayanin inda mutane suke. Tocila fa! Ina ruwan tocila da unguwarku? Sai a 2015, da Android 6 ta fito, aka tilasta wa manhaja ta tambaya a lokacin da take buƙata, kai kuma kana iya cewa a'a. A 2019 aka ƙara zaɓin "sai ina amfani da ita kawai", a 2021 kuma na ba da kwatancen yanki maimakon ƙofar gida.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Nuwamba 2020. Jaridar Vice ta ruwaito cewa manhajar Muslim Pro, wadda aka sauke kusan sau miliyan 100 don lokutan salla da alƙibla, tana ba wani kamfani mai suna X-Mode bayanan wuri, shi kuma yana sayar wa 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. Amma ku lura da kyau: ai an tambayi mutane izini, kuma sun bayar da zuciya ɗaya, tunda alƙibla ba ta fita sai an san inda kake. Abin da ba a gaya musu ba shi ne inda bayanin zai kwana. Nan ne a ganina tambayar take da rami.

Yanzu mu dawo gida. Mutumin Magami, a kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, ba ya buƙatar a yi masa lacca kan hatsarin a san inda yake. Kalmar infoma kaɗai ta isa. A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu. An ce mako biyu. Cikin garin Gusau bai samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran wurare suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. Mai son kiran ɗansa sai ya yi kuɗin mota ya fita jihar. Ba a tambayi kowa ba.

Kuma ko ka hana kowace manhaja, kamfanin layinka ya san turken da wayarka ta kama, layin kuma tun umarnin Disamba 2020 aka ce a ɗaure shi da lambar NIN. Wannan ba ya cikin abin da saƙon ke tambaya.

Doka dai ta biyo sawu a makare. Daga ƙarshen Mayu 2023 Google ta hana manhajojin ba da bashi taɓa lambobin waya, hotuna da ainihin wurin da mutum yake, bayan tozarcin da wasunsu suka riƙa yi wa masu bashi. A Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba ka damar janye izinin da ka taɓa bayarwa. Janyewar tana cikin saitin wayarka, wajen izinin manhajoji. Ni da na duba tawa na tarar da wata manhajar karta a jerin, na cire ta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.