Daga Air Beetle Zuwa Tsaigumi: Tarihin Ƙirar Jirgin Sama a Kaduna

1.0 Gabatarwa

Ƙaramin jirgin yaƙi shi ne marar nauyi, galibi mai inji ɗaya, mai sauƙin kuɗin saye da na kulawa, wanda aikinsa shi ne tare jiragen abokan gaba da dafa wa sojan ƙasa. Indiya ta ƙera irinsa, watau Tejas, wanda ya fara tashi a 2001. Nijeriya ba ta kai wannan matsayi ba tukuna, amma ta kama hanya. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yunƙurin da aka yi a Jihar Kaduna.

2.0 Air Beetle

A 1964 aka kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya, a shekarar ce kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, maƙwabciyar Kudan da Makarfi. Duk da haka, sai a 1989 ne jirgin Air Beetle, wanda kamfanin AIEP na Kaduna ya haɗa, ya fara tashi. An ɗauko zubinsa daga jirgin RV-6A na Amurka: inji ɗaya mai farfela, da kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, ta malami da ta ɗalibi. Rundunar ta yi odar guda 60 domin koyar da sababbin matuƙa. Daga 2016 kuma sai aka koma sayen Super Mushshak daga Pakistan.

3.0 Gulma da Tsaigumi

Mataki na biyu shi ne na jirage marasa matuƙi. A Kaduna aka ƙaddamar da Gulma a Disambar 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018, wanda aka ƙera da haɗin gwiwar kamfanin UAVision na Fotugal. Abin lura ga manazarcin harshe shi ne sunayen. Gulma da tsegumi duk magana ce a kan mutum a bayan idonsa, kuma ɗabi'u ne da Bahaushe yake ƙyama. A nan kuwa ma'anarsu ta sauya zuwa yabo, domin aikin jiragen shi ne leƙen asiri da kai rahoto.

4.0 Kammalawa

A 2014 Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram. Nan aka ga gaskiyar Hausawa da suka ce zanen aro ba ya rufe katara. A 2021 ma, jiragen yaƙi 3 samfurin JF-17 da rundunar ta karɓa daga Pakistan suka zo. Sai dai ƙirar gida ba ta nufin a yi kowane ƙarfe a gida, domin injin Tejas na Amurka ne, na JF-17 kuwa na Rasha. Abin da Indiya ta mallaka shi ne zubin jirgin da maƙeran da suka san shi ciki da waje. Harhaɗa zubin wani mafari ne kawai. Ƙira ba ta tabbata sai maƙera ta ɗore, ana yaye almajirai.