SOJA MAI ALƘALAMI: TARIHIN NII AMON KOTEI

'Yan'uwa, mu da muka tashi a ƙasar Katsina, daga nan Bauranya har Kankia da Kusada, mun saba jin labarin yaƙin Bama a bakin dattawa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, rundunar nan ta sojan Afirka ta Yamma da kakanninmu suka yi wa aiki ta haifi mutumin da zanensa ya zama alamar ƙasa guda.

Tushen rundunar na Hausawa ne. A 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Ikko ya mai da su soja. Daga baya Turawa suka haɗa sojan Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya ƙarƙashin suna ɗaya. Hausa ta zama harshen bariki, har kirarin sojan Gwalkwas ma da Hausa yake: Kullum Shiri. A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, cikin sojan nan aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 waɗanda suka fafata da Japanawa a dazuzzukan Bama.

Ɗaya daga cikin 'yan Gwalkwas da suka sa kaki a lokacin shi ne Nii Amon Kotei. An haife shi ran 24 ga Mayu 1915 a La, kusa da Akara, ya kuma yi karatu a makarantar Achimota. A soja an sa shi sashen zanen taswira, yana zana hanyoyi da koguna da tuddai domin masu bakin daga. Aiki ne marar ƙara, amma rayuka suna rataye a kansa. In layi ya kauce, sai a kai mutane inda babu mashigi, ko cikin hannun abokan gaba.

Da aka gama yaƙi, Kotei bai ajiye alƙalami tare da kaki ba. Ya yi aiki a ma'aikatar ɗab'i ta gwamnati, ya kuma tafi Landan daga 1949 zuwa 1952 ya ƙaro ilimin ɗab'i da zane. Sa'ad da mulkin kai ya matso, shi aka ɗora wa zana tambarin ƙasa. An karɓi zanen ran 4 ga Maris 1957, kwana 2 kafin Gana ta sami 'yanci a hannun Kwame Nkrumah.

Mu dubi abin da ya zana. Gaggafa biyu suna riƙe da garkuwa, koren gicciye ya raba ta gida 4. Gida ɗaya takobi da sandan sarauta, ɗaya fadar Osu a bakin teku, ɗaya itacen koko, ɗaya kuma ramin haƙar zinariya. Zaki yana tsakiya, baƙar tauraruwa a bisa, a ƙasa kuwa an rubuta taken ƙasar, mai ma'anar 'yanci da adalci. Sarauta da gwamnati da arzikin manomi da na ƙarƙashin ƙasa, duk ya tattara su a tafin hannu, kamar dai yadda mai taswira yake tattara ƙasa a takarda.

Tambarin ya hau takardun gwamnati da fasfo, amma sai 1997, bayan shekara 40, gwamnati ta ba shi babbar lambar girma. Ya rasu ran 17 ga Oktoba 2011 yana da shekara 96.

Muna da tsofaffin soja a cikinmu, muna kuma da samari masu hannun zane, da ɗinkin hula, da sassaƙa, waɗanda wani lokaci mukan ce ɓata lokaci suke yi. Kada mu rena baiwarsu. Mu ba su aiki, mu biya su haƙƙinsu, mu kuma gode musu tun suna da kunnen ji.