Gadon lilo: Asalinsa da yadda ake samun barci mai daɗi a cikinsa a daji

Gadon lilo shimfiɗa ce ta yadi ko ta saƙar zare wadda ake ɗaure bakinta biyu a jikin itatuwa ko ginshiƙai, mutum ya kwanta a ciki yana reto ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba.

Matafiya da sojoji da masu binciken gandun daji da masu yawon buɗe ido suna amfani da shi a madadin tanti, saboda ba shi da nauyi, kuma ba ya buƙatar fili shararre. Ana iya rataye shi a kan gangare ko duwatsu ko ƙasa mai laima.

Sai dai da yawa daga cikin masu gwada shi karon farko sukan wayi gari da ciwon baya da sanƙarewar wuya, su ɗora wa gadon laifi. Galibi kuwa matsalar tana fitowa ne daga yadda aka ɗaure shi, da yadda aka kwanta a ciki, da kuma rashin tanadin abin tare sanyi ta ƙasa.

Asalinsa

Mutanen asali na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da tsibiran Karibiyan ne aka sani da wannan gado tun kafin zuwan Turawa. Suna saƙa shi da auduga ko zaren tsirrai, su rataye shi domin kauce wa laima da macizai da ƙwari.

Christopher Columbus ya gan shi a wajen mutanen tsibiran da ya sauka a shekarar 1492. Daga harshen ƙabilar Taino ne Sifaniyawa suka ari sunan "hamaka", wanda sauran harsunan Turai suka ɗauka daga baya.

Ma'aikatan jiragen ruwa ne suka fara gane amfaninsa a Turai, domin idan jirgi ya karkata gadon yakan daidaita kansa, mai barci bai faɗo ba. Rundunar sojin ruwan Ingila ta karɓe shi a 1597, ta ci gaba da amfani da shi har tsakiyar ƙarni na 20. Faɗin wurin da akan ware wa kowane ƙaramin soja inci 14 ne kacal.

A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun yi amfani da wani samfuri mai haɗe da gidan sauro da rufin ruwa a dazuzzukan yankin Fasifik. 'Yan sama-jannatin kumbon Apollo 12 ma a cikin irin wannan gado suka kwana a duniyar wata a 1969.

Har yau a Brazil, fasinjojin jiragen ruwan da ke bin kogin Amazon tsakanin Belem da Manaus kowa da nasa yake shiga, ya rataye, ya kwana a ciki tsawon kwanakin tafiyar.

Retonsa ma yana da tasiri. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Geneva da ke Suwizalan, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa mutanen da aka kwantar a gado mai reto a hankali, sau ɗaya cikin daƙiƙa huɗu, sun fi saurin yin barci a kan lokacin da suka kwanta a gado tsayayye.

Zaɓen gado da wurin ɗauri

Gadon kwana ya bambanta da na hutawar rana. Wanda ake sa wa sanda a kowane baki domin ya buɗe yana da kyan gani, amma yana saurin kifewa. Na kwana shi ne wanda aka tattare bakinsa aka ɗaure, kuma ga baligi ana son tsawonsa ya kai mita 3 zuwa 3.3. Gajeren gado yakan matse kafaɗu, ya ɗaga ƙafafu. Akasarin na zamani da yadin nailan ake yin su, kuma kamfanoni sukan rubuta iyakar nauyin da kowanne zai iya ɗauka.

Ana neman itatuwa biyu masu rai, masu tazarar mita 4 zuwa 5 a tsakaninsu, kaurin kowanne bai gaza santimita 15 ba daga gefe zuwa gefe. Kafin a ɗaura komai, wajibi ne a ɗaga kai a duba sama. Busasshen reshe na iya karyewa cikin dare idan iska ta taso, haka nan 'ya'yan giginya da na kwakwa suna da nauyin da zai iya yi wa mutum mummunan rauni. Ana kuma duba gidan zuma ko na rina, da layin kwarkwasa ko tururuwa a gindin itacen.

Itatuwa masu ƙaya irin su aduwa da bagaruwa sukan yaga yadi. Dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili kuwa abin gudu ne a lokacin damina saboda tsawa. Ba a kuma ɗaure gadon a jikin ginshiƙin bulo ko tsohuwar katanga, domin an gina su ne su ɗauki nauyi daga sama, jan gefe na iya rusa su a kan wanda ke kwance.

Siririyar igiya takan yanke ɓawon itace, wanda ta ƙarƙashinsa abincin itacen ke bi. Shi ya sa ake amfani da madauri mai faɗin aƙalla santimita 2.5, kuma ba a buga ƙusa.

Sirrin yana cikin sassauci

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ja gadon ya miƙe tamau, da tunanin cewa hakan zai sa ya yi kama da katifa. Abin da ke faruwa shi ne gefunansa su tashi su naɗe mutum kamar ƙunshin alala, kafaɗunsa su matse.

Ƙa'idar da masu kwana a daji suka fi bi ita ce madaurin ya sauko daga jikin itace da karkatar da ta kai digiri 30. Ana iya auna wannan da hannu: a miƙa manuniya gaba, a ɗaga babban yatsa sama, layin da ya taso daga kan babban yatsa zuwa kan manuniya ya yi kusa da wannan karkata.

Lissafi ya nuna dalilin ƙa'idar. Idan mutum mai nauyin kilo 70 ya kwanta a gadon da aka ɗaure a digiri 30, kowane madauri yana ɗaukar jan da ya kai kilo 70. Idan aka ƙara tsaurin ɗaurin zuwa digiri 15, jan yakan haura zuwa kusan kilo 135. A digiri 5 kuwa ya kai kimanin kilo 400 a kowane gefe. Ke nan yawan tsaurin ɗauri yana iya tsinka igiya ko tumɓuke ƙaramin itace, ban da rashin daɗin kwanciya.

A tazarar mita 4 zuwa 5, madaurin kan zauna a jikin itace daidai tsayin kan mutum, wato kimanin mita 1.8. Idan aka zauna a tsakiyar gadon, ana son tsayinsa daga ƙasa ya yi daidai da na kujera, kusan santimita 45, ta yadda shiga da fita za su zo da sauƙi, faɗuwa kuma ba za ta yi muni ba. Ɗaga ɓangaren ƙafa da santimita 15 zuwa 30 sama da na kai yana hana jiki zamewa zuwa tsakiya cikin dare.

Wasu sukan ɗaura wata igiya daga baki zuwa baki a saman gadon, mai tsawon kashi 83 cikin 100 na tsawonsa, wato kusan mita 2.7 ga gado mai mita 3.3. Ita ce ke riƙe sassaucin a mataki ɗaya ko da tazarar itatuwa ta canja, kuma a jikinta ake rataye gidan sauro da tocila.

Yadda ake kwanciya

Wanda ya kwanta a miƙe daga baki zuwa baki, bayansa zai lanƙwashe kamar ayaba. Dabarar da mutanen Brazil da Mekziko suka gada ita ce kwanciya a karkace: a fara zama a tsakiya, a ɗaga ƙafafu a shigar, sannan a kai su gefe guda, kai da kafaɗu kuma su koma ɗaya gefen. Da an yi haka yadin yakan buɗe, jiki ya shimfiɗu kusan kamar a kan katifa.

A wannan yanayi ana iya kwanciya ta gefen dama ko hagu. Ƙaramin matashi ya isa, domin yadin da kansa yana tallafar kai, babban matashi kuwa yakan tura wuya gaba. Idan bayan gwiwa ya ɗaure, sai a naɗe riga a sa a ƙarƙashinta. Wanda ya saba kwanciya rub-da-ciki zai fi shan wahala a gadon lilo.

Sanyi daga ƙasa yake shigowa

A cikin zafi, iskar da ke ratsawa ta ƙarƙashin gadon ni'ima ce. Amma da zarar ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 20 ko ƙasa da haka, ita ce ke hana barci. Bargo ko jakar barci suna ɗumama jiki ne da iskar da suka riƙe a cikinsu, kuma ɓangaren da mutum ya danne da bayansa ba ya riƙe komai.

Maganin wannan iri biyu ne. Ko dai a shimfiɗa siririyar katifar soso a cikin gadon, ko a rataye bargo a ƙarƙashinsa ta waje, ya manne da yadin ba tare da an danne shi ba. Na biyun ya fi ɗumi kuma ba ya zamewa. Mai niyyar kwana a waje a lokacin hunturu, musamman a wurare masu tudu irin su Jos da Mambila, ba zai wadatu da bargon rufa kaɗai ba.

Ruwan sama da sauro

Ana ɗaura tamfol a saman gadon a kan igiyarsa ta daban, ya zarce kowane baki da aƙalla santimita 30. Yana tare ruwa da raɓa da kashin tsuntsaye, idan kuma aka sauke gefensa ta inda iska ke kaɗawa yana rage sanyi. Ruwan da ke gangarowa ta jikin madauri ana tsayar da shi ne da ɗan guntun zare da ake ɗaurawa a jikin madaurin a ƙarƙashin tamfol, ya bi ta nan ya ɗiga ƙasa.

Batun sauro ya fi kowanne muhimmanci a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu kamuwa da shi. Sauro yana iya cizo ta cikin siririn yadi, don haka gidan sauron da ya rufe sama kaɗai bai wadatar ba. Ana buƙatar wanda ya kewaye gadon gaba ɗaya har ƙasansa, mai magani, kuma wanda ba ya taɓa fata. A Kambodiya da Biyetnam ana raba wa masu aiki a daji gidan sauro mai magani da aka ɗinka musamman domin gadon lilo.

Gadon yana nesanta mai barci da kunama da maciji, amma takalmansa suna ƙasa. Ana rataye su, ko a kakkaɓe su da kyau kafin a sa ƙafa, kuma ba a sauka cikin duhu sai an haska ƙasa. 'Yar tabarma a ƙarƙashin gadon tana amfani wajen sauka da ajiye kaya da yin sallah.

Waɗanda bai dace da su ba

Ba a kwantar da jariri a gadon lilo na manya, saboda lanƙwasar yadin na iya tura haɓarsa kan ƙirji ko ta rufe masa fuska, numfashi ya toshe. Ƙananan yara ma ba a barin su su kaɗai da shi saboda haɗarin igiya. Mai fama da ciwon ƙashin baya ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ya kamata ya tuntuɓi likita tukuna. Mutum biyu kuma ba sa jin daɗin kwana a gado ɗaya, domin nauyi yakan tara su a tsakiya.

Kafin kowace tafiya ana duba ɗinki da madauri da ƙulli, domin rana tana cinye nailan a hankali, kuma ƙaramar yagewa takan buɗe gaba ɗaya idan nauyi ya hau. Jiki kan ɗauki dare biyu ko uku kafin ya saba, shi ya sa masu ƙwarewa ke ba sabon shiga shawarar ya fara gwadawa a tsakar gida ko a lambu, inda zai iya gyara ɗaurinsa ko ya koma ɗaki idan barci ya ƙi zuwa.