Gyaran Sarki Yosiya: Abin da Ya Rushe da Abin da Ya Tsaya

(Nassosin karatu: 2 Sarakuna 22 da 23; 2 Tarihi 34 da 35; Irmiya 36)

A cikin sarakunan Yahuza, ba wanda ya yi gyaran addini mai zurfi kamar Yosiya. Duk da haka, shekara 22 ko 23 kacal bayan rasuwarsa Babiloniyawa suka ƙone Haikalin da ya gyara. Duk mai hidima da ke marmarin farkawa a ikkilisiyarsa ya kamata ya tambayi kansa: me ya sa gyaran bai daɗe ba, kuma me ya rage daga cikinsa?

Ƙasar da ya gada

Mulkin Isra'ila na arewa ya faɗi a hannun Assuriyawa a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Yahuza ta tsira, amma ta zama mai biyan gandu. Manassa, kakan Yosiya, ya yi shekara 55 yana sarauta. Ya sake gina masujadan kan tuddai waɗanda mahaifinsa Hezekiya ya rushe, ya kafa wa Ba'al bagadai, ya sa gunkin Ashera a cikin Haikali, har ya miƙa ɗansa hadaya ta wuta. Ɗansa Amon ya bi sawunsa, amma shekara 2 kawai ya yi fadawansa suka kashe shi. Jama'ar ƙasar suka hallaka maƙarƙashiyan, suka naɗa Yosiya a shekara ta 640, yana ɗan shekara 8.

Mu lura cewa ba a rufe Haikali a wannan zamani ba. Firistoci suna nan, ana kiran sunan Ubangiji. Abin da ya faru shi ne an haɗa sujadarsa da ta waɗansu alloli har mutane suka saba, tsara biyu suka tashi ba su san wata hanya dabam ba.

Littafin Tarihi ya ce a shekara ta 8 ta sarautarsa Yosiya ya fara neman Allah, a ta 12 kuma ya fara kawar da gumaka. Lokacin ya zo daidai da raunanar Assuriya. Bayan mutuwar sarkinta Ashurbanifal ƙarfinta ya yi ta raguwa, har Nineba ta faɗi a 612. Wannan ya ba Yosiya sararin da kakanninsa ba su samu ba.

Littafin da ya ɓace a gidan Allah

A shekara ta 18 ta sarautarsa, wato 622, sarki ya aiki Shafan magatakarda ya lura da kuɗin gyaran Haikali. A nan Hilkiya babban firist ya gaya masa cewa ya tsinci littafin Shari'a. Shafan ya fara karanta wa kansa, sa'an nan ya karanta wa sarki. Da Yosiya ya ji, sai ya kyakketa tufafinsa.

Tun zamanin Jerom masana suna ganin littafin nan shi ne Maimaitawar Shari'a ko wani sashe nasa, kuma wani Bajamushe mai suna De Wette ya ƙarfafa wannan ra'ayi a 1805. Dalili kuwa, abubuwan da Yosiya ya yi sun dace da umarnan littafin: a yi hadaya a wuri ɗaya, a kawar da masu duba da masu sha'ani da fatalwa, a yi Idin Ƙetarewa a wurin da Ubangiji ya zaɓa.

Sarki ya aiki mutum biyar wurin annabiya Hulda, matar Shallum. Amsarta ba mai daɗi ba ce. Ta ce hukunci zai zo wa Urushalima babu makawa, sai dai saboda Yosiya ya ƙasƙantar da kansa, idonsa ba zai ga masifar ba. Wani sarkin da ya ji haka sai ya naɗe hannu, tun da shi ya tsira. Yosiya kuwa ya tara jama'a, manya da ƙanana, ya karanta musu littafin da bakinsa, ya sabunta alkawari. Ya yi biyayya ko da yake ba a yi masa alkawarin cewa ƙasar za ta tsira ba.

Aikin gyara

An fitar da kayan Ba'al da na Ashera daga Haikali aka ƙone a kwarin Kidron. An ƙazantar da Tofet a kwarin Hinnom domin kada a ƙara ƙona yara ga Molek. An kawar da dawakan da aka keɓe wa rana, aka ƙone karusansu. An rushe masujadan kan tuddai daga Geba har zuwa Biyer-sheba. Sarki ya tsallaka iyaka zuwa Betel, ya farfashe bagaden da Yerobowam ya gina shekaru wajen 300 da suka wuce. Daga ƙarshe aka yi Idin Ƙetarewa irin wanda ba a taɓa yi ba tun zamanin mahukunta.

Adalci ma ya shiga cikin gyaran. Annabi Irmiya, wanda aka kira shi a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, ya shaida cewa sarkin ya tsaya wa matalauta da masu bukata a shari'a, ya ce wannan shi ne sanin Allah (Irmiya 22:15-16).

Inda gyaran ya gaza

A 609 Fir'auna Neko ya taso domin ya taimaki ragowar Assuriyawa. Yosiya ya tare shi a Magiddo, aka kashe shi yana da shekara 39. Ɗansa Yehowahaz ya yi wata 3 kawai Neko ya tuɓe shi, ya naɗa ɗan'uwansa Yehoyakim.

Irmiya ya riga ya hango matsalar tun Yosiya na da rai. Ya ce komowar Yahuza ta baki ce, zuciya ba ta bi ba (Irmiya 3:10). Doka tana iya rushe bagade, amma ba ta iya cire gunkin da ke cikin zuciya. Mutane da yawa sun bi gyaran ne domin sarki ya umarta, da sarki ya kau suka koma gidan jiya.

Irmiya 36 ya nuna mana zurfin faɗuwar. Wajen shekara 18 bayan da aka karanta wa Yosiya littafi ya kyakketa tufafinsa, aka karanta wa ɗansa Yehoyakim littafin Irmiya. Yana zaune kusa da kaskon wuta a lokacin sanyi. Duk sa'ad da aka karanta sashe uku ko huɗu, sai ya yanke da wuƙa ya jefa a wuta. Nassi ya lura cewa ba wanda ya kyakketa tufafinsa. A 597 aka kwashe rukuni na mutane zuwa Babila, shekara 10 ko 11 bayan haka aka ƙone birnin.

Gidan Shafan

Amma a cikin wannan babi akwai waɗanda suka roƙi sarki kada ya ƙone littafin, ɗayansu Gemariya ne ɗan Shafan. A ɗakinsa Baruk ya karanta littafin ga jama'a, kuma ɗansa Mikaiya ne ya kai labari ga shugabanni. Da aka nemi ran Irmiya, Ahikam ɗan Shafan ne ya kāre shi (26:24). Elasa ɗan Shafan yana cikin waɗanda suka kai wasiƙar Irmiya ga kamammu a Babila (29:3). Bayan faɗuwar birnin, a hannun Gedaliya jikan Shafan aka danƙa annabin (39:14). A 1982 masu tonon tarihi a tsohuwar Urushalima sun sami tambarin hatimi na yumɓu ɗauke da sunan Gemariya ɗan Shafan.

Ga abin da ya tsaya ke nan. Mutumin da ya fara karanta littafin domin kansa ya tashi 'ya'ya da jikoki masu girmama Maganar Allah a lokacin da fada ta juya mata baya. Ta wurin irin waɗannan gidaje Nassi ya ƙetare zaman bauta ya iso gare mu. Haka kuma Irmiya, wanda ya ga iyakar gyaran sarki, shi aka ba alkawarin sabon alkawari wanda za a rubuta shari'a a zukata (31:31-34), abin da ya cika cikin Almasihu.

Darasi ga mai hidima

Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sabuwar fassara kuma a 1980. Ba mu rasa littafin ba. Amma zai iya ɓacewa a tsakiyar ikkilisiya, yana kan bagade kowace Lahadi alhali ba a buɗe shi a gida daga Litinin zuwa Asabar.

Ɗan'uwa, a ce an tura ka wata ikkilisiya a Abakpa ko wata unguwa a Kaduna. Kana iya gyara littafin kuɗi, ka hana zuwa wurin boka, ka sake rufin ɗakin sujada. Duk waɗannan wajibi ne, Yosiya ma ya yi makamantansu. Amma wata rana za a canza maka wurin aiki. Abin da ya dogara ga ikonka zai bi ka ya tafi. Abin da zai zauna shi ne iyalan da ka koya wa su karanta Nassi da kansu, da dattawan da za su iya ce wa magajinka ya yi kuskure idan ya kauce. Saboda haka ka ba ajin baftisma, makarantar Lahadi, zumuntar mata da addu'ar iyali lokacin da kake ba gini.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Yosiya ya ci gaba da gyara bayan ya ji amsar Hulda?
2. Kwatanta 2 Sarakuna 22:11 da Irmiya 36:24. Me ya bambanta uba da ɗa?
3. A ikkilisiyar da kake hidima, wane gyara ne zai rushe idan aka ɗauke ka gobe, kuma su wane ne gidan Shafan a can?