Lissafin agana: gardamar Bernoulli da d'Alembert

A ƙarni na 18 agana tana cikin cututtukan da suka fi kisa a Turai. Rigakafin da aka sani a lokacin shi ne a ɗebi ruwan ƙurjin mai agana a sa wa mai lafiya cikin ƴar tsaga, ya yi ciwon sama-sama, ya warke, ba ta kuma kama shi. Amma wani sa'i wannan shaushawa kan yi kisa, shi ya sa mutane suka rabu a kanta.

A 1760 Daniel Bernoulli, masanin lissafi na birnin Bal a ƙasar Suwis, ya aika wa majalisar masana kimiyya ta Paris da nazarinsa. Ya dogara ga jadawalin mace-macen birnin Breslau wanda Edmond Halley ya fitar a 1693. Ya ƙaddara cewa kowace shekara 1 cikin 8 na waɗanda ba su taɓa yin agana ba zai kamu, kuma 1 cikin 8 na kamammun zai mutu. Lissafin ya nuna cewa in an kawar da agana ta hanyar yi wa kowane jariri shaushawa, matsakaicin tsawon rai zai tashi daga shekara 26 da wata 7 zuwa shekara 29 da wata 9. Ko da shaushawar za ta kashe 1 cikin 200, ragin bai kai wata 2 ba.

A shekarar nan d'Alembert ya ƙalubalance shi, ko da yake shi ma yana goyon bayan shaushawa. Hujjarsa ita ce ribar ƙasa daban, ta mutum ɗaya daban: wanda za a tsaga yana auna mutuwar da ka iya riskarsa cikin wata guda da ƴan shekarun da watakila zai ƙaru da su can gaba. A nan ya fi Bernoulli hangen nesa.

Lissafin Bernoulli bai kula da yadda raguwar masu ɗaukar cuta ke rage yaɗuwarta ba; wannan sai a aikin Kermack da McKendrick na 1927 ya fito sarai. Bauch da Earn suka haɗa batutuwan biyu a 2004: in mafi yawan jama'a sun yi rigakafi, haɗarin kamuwa ya ragu, sai wasu su fake a bayan sauran. Muddin ana ganin allura tana da haɗari, kome ƙanƙantarsa, kuma kowa ribar kansa yake dubawa, rigakafin ganin dama shi kaɗai ba zai kawar da cuta ba.